Ta yaya na'ura ta san maganin tarin fuka ba zai yi wa ƙanena aiki ba, alhali bai taɓa shan sa ba?

Baban Zainab, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga ma'aikatan lafiyar da ke wannan zaure, da ma duk wanda irin wannan lamari ya taɓa shiga gidansa.

Ƙanena tela ne, shekararsa 29, kuma su huɗu suke ɗinki a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya wanda ba shi da taga. Tun kafin azumi ya fara tari, muka ɗauka sanyi ne da ƙurar yadi, ya yi ta sayen maganin tari na ruwa da ƙwayoyi a kemis, har da wanda ake kira sifuro, wanda ya sha har sau uku a lokuta dabam-dabam. Tarin yakan lafa na 'yan kwanaki, sannan ya dawo. Hankalina bai tashi ba sai ranar da na ga wandon da ya ɗinka wa kansa da ƙaramar salla yana zame masa daga ƙugu, sai ya ja mazagi ya naɗe sau biyu, matarsa kuma ta shaida mini cewa kusan kullum da dare sai ta sauya zanin gado saboda zufa, ko da an yi ruwan sama gari ya yi sanyi.

Ranar Litinin na kai shi asibiti. Aka ba shi 'yar roba mai murfi, aka ce ya fita fili ya ja numfashi sosai, ya yi tari daga ƙirji ya tofa kaki, ba yawu ba. Ranar Laraba aka kira mu. Malamar asibitin ta ce na'urar da ake kira GeneXpert ta ga ƙwayar tarin fuka a kakinsa, kuma irin wadda ba ta jin rifamfisin ce, maganin da ta ce shi ne ginshiƙin haɗin wata shida da ake ba kowa. Saboda haka ba za a ɗora shi a kan wannan haɗin ba, za a tura shi sashen masu tarin da ba ya jin magani.

Abu uku ne suka shige mini duhu. Ƙanena bai taɓa haɗiyar rifamfisin ba a rayuwarsa, to ta ina na'ura ta san ba zai yi masa aiki ba, kuma cikin awa biyu kamar yadda aka ce? Sai maganar ƙwayoyin gado da malamar ta ambata, wadda ta jawo mana fitina a gida, domin mahaifiyarmu ta ɗauka irin gwajin sikila ne da ake yi kafin aure, dangin matarsa kuwa har sun fara raɗe-raɗin cewa ciwon a jininmu yake. Na ƙarshe shi ne kawunmu, wanda ya yi tarin fuka kimanin shekara ashirin da suka wuce ya sha magani wata takwas ya warke sarai, kuma yanzu yana cewa a bar biye wa na'ura, a samo masa maganin da kowa ya sani ya fara sha, in bai yi ba a sauya. Ba na son in ƙi maganar babba ba tare da hujja ba, ba na kuma son in yi wasa da ran ƙanena. Don Allah a taimaka mini da bayani.

Mai Awon Kaki, Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya. Aikina ke nan a ɗakin gwaje-gwaje, kuma zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce ke neman raba zumunci.

Na'urar ba ta duba gadon ƙanenka ba ko kaɗan. Gadon ƙwayar cutar ta duba. Tarin fuka wata ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, wadda wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ya bayyana gano ta ranar 24 ga Maris, 1882, kuma ta iska take shiga huhu idan mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa a wurin da iska ba ta zagayawa. Kamar kowace halitta, ita ma tana da rubutaccen umarni a cikinta, wanda ake kira DNA, shi ke tsara yadda take rayuwa da hayayyafa. A 1998 aka kammala karanta wannan rubutu gaba ɗayansa, aka tarar harafi kusan miliyan 4.4 ne. Abin da malamar ta kira ƙwayoyin gado ke nan. Ka gaya wa mahaifiyarku da surukanku cewa babu abin da aka samu a jinin gidanku. Baƙuwa ce ta shigo ƙirjinsa, ita aka yi wa tambaya.

Yadda aka san maganin ba zai yi aiki ba kuwa, ga shi. Rifamfisin yana kashe ƙwayar ne ta hanyar maƙalewa a wani ɗan inji da take amfani da shi wajen kwafar umarninta, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo ya zauna daram. Siffar wannan gurbi an rubuta ta ne a wani sashe na gadon da masana suka laƙaba wa suna rpoB. Idan harafi ɗaya tak ya sauya a wurin, gurbin yakan ɗan karkace, maganin ya zo ya rasa inda zai kama, ƙwayar kuma ta ci gaba da rayuwarta ko da mutum yana sha kullum ba fashi. Abin da ya sauƙaƙa mana aiki shi ne kimanin kashi 95 cikin 100 na irin waɗannan sauye-sauye a wani ɗan yanki suke aukuwa mai harafi 81 kacal. Na'urar ba ta buƙatar karanta miliyoyin haruffan nan. Wannan ɗan yankin take nema, ta kwafe shi sau miliyoyi har ya yi yawan da za a iya gani, sannan ta duba ko yana nan yadda aka san shi ko ya sauya.

A aikace, mukan zuba ruwan sinadari kashi biyu a kan kaki kashi ɗaya, mu girgiza, mu bar shi minti 15 ya narke ya kuma raunana ƙwayoyin domin kare mai aiki. Sai mu ɗebi mililita biyu mu zuba a wani ɗan akwatin roba da ake kira katirij, wanda bai kai gwangwanin madara girma ba, mu saka shi a na'ura mu rufe ƙofarta. Kafin awa biyu sakamako ya fito a kwamfuta: an ga ƙwayar ko ba a gani ba, mai yawa ce ko kaɗan, tana jin rifamfisin ko ba ta ji.

Sai wanda ya san yadda ake yi a da zai gane girman wannan abu. Tsohuwar hanya ita ce a shafa kaki a gilashi, a rina shi, a duba da madubin ganin ƙwayoyin cuta. Wannan hanya ba ta ganin komai sai ƙwayoyin sun kai dubbai a kowace mililita, saboda haka masu ciwon da yawa kan wuce ba a gane su ba, kuma ko an gan su, ƙwayar da ke jin magani da wadda ba ta ji kamarsu ɗaya a ido. In ana son sanin bambancin sai an shuka ƙwayar a wani abinci da ake haɗawa da ƙwai, a jira ta tsiro. Ita kuwa ƙwayar tarin fuka nawa gare ta: takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ɗaya ta rabu biyu, alhali wasu ƙwayoyin hanji cikin minti 20 suke yin haka. Sai a yi mako huɗu zuwa takwas ana jira, sannan a sake shuka ta tare da magani a ƙara wasu makonnin. Duk tsawon wannan lokaci majinyaci yana gida yana tari a cikin iyalinsa. A watan Disamban 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin GeneXpert, Najeriya kuma ta mayar da shi gwajin farko ga duk wanda ake zargin yana da tarin fuka a 2016.

Game da cewa bai taɓa shan maganin ba, hanya biyu ce mutum ke samun irin wannan tari. Ta farko ita ce a cikin jikinsa. A huhun da ciwo ya yi wa rami akan samu ƙwayoyi miliyan ɗari ko fiye, kuma a cikin irin wannan taro akan samu ɗaya da harafinta ya sauya da kansa. Shi ya sa ake haɗa magani huɗu lokaci guda, domin wadda ta tsere wa ɗaya, sauran su kama ta. Idan aka sha magani da tsallake, ko aka sha ɗaya shi kaɗai, sai masu rauni su mutu, mai taurin kan ta samu fili ta hayayyafa. Hanya ta biyu ita ce mutum ya shaƙi ƙwayar da ta riga ta bijire a ƙirjin wani, ta iso masa da taurin kanta tun ranar farko. Bisa abin da ka faɗa, ta biyun ce ta fi kama da ta ƙanenka, kuma wannan shago mai mutum huɗu ba taga ya tsaya mini a rai.

Ba zan ɓoye maka ba, na'urar tana da lalurarta a ƙasarmu. Tana son wuta mai ɗorewa, domin in an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki ba tare da batir ko sola ba, katirij ɗin ya tafi ke nan. Ba ta son ɗakin da zafinsa ya haura digiri 30, kuma kowa ya san Zariya a watan Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata hanyar shan iska. Saboda irin haka aka shigo da wata na'urar ƙirar Indiya mai suna Truenat, wadda ke aiki da batir, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2020. Amma waɗannan matsaloli jinkiri suke kawowa, ko na'ura ta ce gwaji bai yiwu ba, sai a sake shi. Idan ƙwayar da aka samu kaɗan ce ƙwarai, akan maimaita da sabon kaki domin a tabbatar. In ba haka ba, sakamakon da ya fito fili cewa ba ta jin rifamfisin abin dogaro ne.

Maman Ummi, Sabon Gari

Baban Zainab, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma hanyar da kawunku ke cewa a bi, mu ita muka bi, ba don mun zaɓa ba, sai don a lokacin haka ake yi a inda muka je.

Maigidana ya kamu a 2015. An duba kakinsa da madubi aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan maganin wata shida. Ni ce mai ba shi da hannuna kullum da asuba kafin ya karya, bai tsallake ko kwana ɗaya ba, fitsarinsa ya koma ja kamar yadda aka faɗa mana zai yi. Da farko ya ɗan ji sauƙi, har ya koma kasuwa. A wata na biyar aka sake duba kaki aka ce ƙwayar tana nan. A nan ne aka aika da kakinsa gwajin na'ura. Sakamakon ya fito da wuri, amma lambar wayar da aka rubuta a takardarsa an yi kuskuren lamba ɗaya, takardar ta yi kusan mako uku a aljihun tebur, mu kuma muna gida muna jiran kira, mun ɗauka shiru alama ce ta alheri. Da ban gaji na je da ƙafata ba, ban san ranar da za mu ji ba.

Maganin da aka ba shi bayan nan wata ashirin ya yi yana sha, watannin farko kuma da allura kusan kullum, har ɗuwawunsa ya yi tauri aka rasa wurin tsirawa. Ya warke, mun gode wa Allah, amma allurar ta tafi da jinsa. Masallaci yana jikin katangarmu, lasifikarsa tana fuskantar tagar ɗakinmu, amma yau shekara da shekaru ba ya jin kiran sallar asuba, sai na taɓa ƙafarsa ya farka. A cikin waɗancan watanni biyar da muka ɓata kuma 'yarmu ta biyu ta ɗauka, tana da shekara shida a lokacin, ita ma sai da ta yi nata jinyar.

Ka je wa kawunku da ladabi, ka ce masa maganin da ya warkar da shi gaskiya ne ya warkar da shi, domin tasa ƙwayar mai jin magani ce. Ta ƙanenka an riga an tambaye ta ta ba da amsa. Ni da a ranar farko aka ba mu takardar da aka ba ku a kwana na uku, da ban san irin godiyar da zan yi ba. Ka kuma tabbatar lambar wayar da ke katinsa daidai take, ka ba su lamba biyu, in kwana uku ya wuce ba ka ji kira ba ka taka da kanka.

Baban Zainab, Tudun Wada

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya raya Ummi da ƙannenta. Na karanta wa mahaifiyarmu bayanin ƙwayar cutar, na ga ta yi ajiyar zuciya.

Yau mun je sashen da aka tura mu. Sun sake karɓar kaki har roba biyu, sun ɗebi jini, sun kuma manna masa wayoyi a ƙirji sun auna bugun zuciya. Na tambaya me ya sa za a sake gwaji tunda na farko ya nuna komai, aka ce akwai sauran magungunan da ake son dubawa, amma layin ya yi tsawo ban samu cikakken bayani ba. Maganar allura da kurumta da Hajiya ta yi ta tsorata ƙanena sosai, domin ya ce tela da ba ya jin mai kawo ɗinki ya shiga uku. Shin har yanzu haka ake yi? Sannan yaransa biyu, ɗaya shekara huɗu ɗaya wata goma sha ɗaya, me ya kamata mu yi da su?

Malamar Asibiti, Gyallesu

Malam, ka kwantar wa ƙanenka da hankali game da allura. Abin da ya samu maigidan Hajiya gaskiya ne, na ga irinsa da idona ba sau ɗaya ba a zamanin da allurar kanamaisin take cikin haɗin, amma an bar wannan hanya. A watan Disamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar wani haɗi na wata shida wanda duk na haɗiya ne, ana kiran sa BPaLM, wato bedakwilin da firetomanid da linezolid da moksifuloksasin. Ana ba da shi ga wanda ya kai shekara 14, ban da mai ciki da mai shayarwa, waɗanda ke da nasu tsarin. Likitan da ke da sakamakonsa a hannu shi zai yanke ko wannan haɗin ne ya dace da shi ko wani, kuma a nan ne amfanin kakin da aka sake karɓa yake.

Gwajin farko tambaya ɗaya ya amsa, ta rifamfisin. Bai ce komai ba a kan aisoniyazid, abokin tafiyarsa a haɗin wata shida da ake ba kowa, bai kuma ce komai ba a kan dangin magungunan da moksifuloksasin da lebofuloksasin suke ciki. Kowannensu yana da nasa gurbin a gadon ƙwayar: na aisoniyazid galibi a katG da inhA ake ganin sauyin, na dangin moksifuloksasin kuma a gyrA da gyrB. Akwai wani katirij na GeneXpert ɗin, mai suna Xpert MTB/XDR, da aka amince da shi a 2021, wanda ke duba waɗannan gurabe cikin kimanin awa ɗaya da rabi, sai dai ba kowace na'ura ke iya karanta shi ba, sai sabon samfuri. Akwai kuma gwajin da ake yi a manyan ɗakunan bincike, inda amsar ke fitowa layi-layi a kan ɗan siririn ƙyalle. Mu a Zariya mun yi sa'a, domin ɗaya daga cikin manyan ɗakunan binciken tarin fuka na ƙasa yana nan Saye, a cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta, ɗayan kuma yana Legas. Wurin da wasu jihohi ke aiko da kaki daga nesa, mu kusa da gida yake.

Akwai wata magana a rubutunka na farko da nake so ka maimaita wa likita kalma da kalma, ita ce sifuro da ya sha har sau uku. Sifuro ɗan gidan su moksifuloksasin ne. Irin waɗannan magunguna sukan danne tarin fuka na ɗan lokaci, shi ya sa kuka ga tarin yana lafawa yana dawowa, amma shan su su kaɗai, a gutsure, yana iya ba ƙwayar damar koyon bijire wa dangin baki ɗaya. Ba na cewa hakan ta faru ga ƙanenka. Gwajin ne zai faɗa. Idan ya nuna ƙwayar ba ta jin su, akan cire moksifuloksasin a ci gaba da sauran ukun. In da kwalayen magungunan suna nan, ka kwashe su a leda ka kai musu. Wannan ɗabi'a ta ba mai tarin mako uku maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an aika shi gwajin kaki ba tana ci mini rai ƙwarai, domin gwajin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, maganin ma kyauta ne, amma sai mutum ya kashe kuɗinsa ya sayo wa kansa wahala.

Zan ƙara abu ɗaya a kan bayanin Malam na Samaru, domin kada a ɗauka na'ura ba ta da iyaka. Abin da aka koya mata nema kawai take gani. A ƙasar Eswatini da ke kudancin Afirka an gano wani nau'in ƙwayar da sauyinsa ya faɗo a wajen yankin nan mai harafi 81, sai na'ura ta riƙa cewa yana jin rifamfisin alhali ba ya ji. Wato kuskuren da aka fi tsoro shi ne ta ce lafiya lau alhali akwai matsala, ba ta ce akwai matsala alhali babu ba. Saboda haka duk wanda aka ce ƙwayarsa tana jin magani amma ya yi wata biyu yana sha ba sauƙi, ya koma ya faɗa. Domin toshe wannan giɓi ne ake matsawa zuwa sabuwar hanyar karanta gurabe masu yawa na gadon ƙwayar harafi bayan harafi, kai tsaye daga kaki, wadda ke ba da amsar magunguna da dama lokaci guda cikin 'yan kwanaki, har da sababbi irin su bedakwilin da linezolid waɗanda katirij ba ya dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayanta a 2023. Tana da tsada, tana kuma buƙatar ƙwararru, shi ya sa har yanzu ba a bar tsohuwar hanyar shuka ƙwayar ba, kuma mai yiwuwa ɗaya daga cikin robobin nan biyu can za ta tafi. Ba a jiran ta kafin a fara magani.

Awon zuciyar da aka yi masa saboda bedakwilin da moksifuloksasin ne, domin suna iya taɓa tsarin bugunta, kuma za a riƙa maimaitawa. Linezolid kuma yakan rage jini, yakan sa mutum ya ji kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa ko yatsu, wani lokaci ya dusashe gani. Tunda tela ne mai aiki da ido da ƙafa, ya faɗa da wuri in ya ji wani sauyi, kada ya daure, kada kuma ya daina sha da kansa. Akwai yadda likita ke daidaita adadin. Za a yi masa gwajin ƙanjamau da na ciwon suga, kada wani ya fassara wannan da wata manufa, kowane mai tarin fuka ana yi masa.

Yaran kuwa a kai su gobe, kada a jira su fara tari, musamman na goyen, domin a ƙananan yara ciwon yakan yi sauri ya haura har ƙwaƙwalwa. Yaro ba ya iya tofa kaki, haɗiyewa yake yi, saboda haka yanzu ana iya gwada bayan gidansa a wannan na'urar, a haɗa da hoton ƙirji. Idan aka tabbatar ba su da ciwon, akwai maganin rigakafi na wata shida da lebofuloksasin, wanda aka ba da shawararsa a 2024 ga waɗanda suka zauna da mai irin wannan tari. Matarsa ma a duba ta, haka abokan ɗinkinsa uku, domin mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda ya fi shi daɗewa yana tari. A buɗe tagogi, ya riƙa zama a tsakar gida da rana, ya rufe baki in zai yi tari, ya kwana ɗaki dabam da yaran har likita ya ce ya isa. Ba sai an ware masa kwano ko cokali ba, ba ta nan ake ɗauka ba. In wani abu ya shige muku duhu, layin 3340 na shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa kyauta ne.

Mai Awon Kaki, Samaru

Malama ta cika bayanin. Abu ɗaya zan ƙara, domin ina yawan ganinsa a wurin aiki. Bayan wata biyu ko uku, idan ƙanenka ya murmure, za a samu wanda zai ba da shawarar a sake kai kakinsa GeneXpert a wani wuri a ga ko ya warke. Kada ku yi haka. Na'urar rubutun gado take nema, kuma matacciyar ƙwaya ma tana ɗauke da rubutunta, yana iya daɗewa a huhu watanni bayan magani ya kashe ta. Sai takarda ta fito cewa an ga tarin fuka, hankalin gida ya tashi, wani ma ya ce maganin ba ya aiki ya watsar. Ana bin sawun sauƙi ne ta hanyar duba kaki da madubi da kuma shuka shi wata-wata, domin abin da ya mutu ba ya tsirowa. Duk lokacin da aka ce ya kawo kaki, ya kawo na asuba, wanda ya fito daga ƙirji.

Baban Zainab, Tudun Wada

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Sakamako na biyu ya fito jiya: ƙwayar ba ta jin aisoniyazid, amma tana jin dangin moksifuloksasin, saboda haka an ɗora shi a kan haɗin BPaLM ɗin nan na wata shida, ya sha na farko a gaban malamar asibiti. Na kai musu kwalayen kemis kamar yadda Malama ta ce, likita ya rubuta su a fayil ɗinsa. Kawu da kansa ya raka mu, ya tsaya ya ji bayani daga bakin likita, a hanyar dawowa kuma shi ya ce a fasa bangon shagon a sa taga kafin kowa ya koma ɗinki.

An duba matarsa da yaran, muna jiran amsar hoton na goyen ranar Alhamis. Biyu daga cikin abokan aikinsa sun bayar da kaki. Na ukun, wanda shi ne babba a shagon kuma ya fi shekara yana tari, ya ce shi nasa na sigari ne ba zai je ba. Gobe bayan sallar la'asar zan je gidansa tare da Kawu.